Zanen Gahawa da Tawadar Malamanmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da malaman allo, musamman na ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan.

Maganar wannan mako a kan wani abu ce da samarinmu su ke ta nuna wa juna a cikin wayoyinsu suna al'ajabi, watau zane da ruwan gahawa, abin nan da a ke kira kofi a teburin mai shayi. Wanda bai gani da idonsa ba zai ce wasan yara ne, alhali kuwa sana'a ce sosai, har akwai masu ci da ita. A Ikko, watau Legas, akwai wani mai zane sunansa Ekene Ngige wanda ya yi suna a wannan aiki, kuma akwai irinsa a ƙasashe da dama. Na ga ya kamata mu duba al'amarin nan da hankali, gama akwai abin koyo a cikinsa, kuma akwai abin da zai tuna mana da dukiyar da mu ke kwana a kanta ba mu sani ba.

Bari in fara bayyana yadda a ke yinsa, don kada wani ya zaci akwai wani asiri. Mai zane ya kan sami garin gahawa irin mai narkewa nan da nan, kamar Nescafé ɗin nan da a ka fara sayarwa a ƙasar Suwizalan a 1938, wanda yanzu da wuya ka ga mai shayin da ba shi da shi. Sai ya sami 'yan ƙoƙuna uku. A na fari ya dama kaɗan da ruwa mai yawa, ya fito tsararo kamar ruwan tsamiya. A na biyu ya ƙara gari. A na uku ya dama shi da kauri kamar maɗi. Sa'an nan ya ɗauki takarda mai kauri wadda ba ta saurin jiƙewa, ya zana siffar abin da ya ke so da fensir sama sama. Ya fara shafa mai tsararon nan, ya dakata ya bushe sarai, kāna ya ɗora na biyu a wuraren da inuwa ta ke, a ƙarshe ya sa mai kaurin a inda duhu ya fi yawa. Wurin da ya ke son haske kuwa ba ya taɓa shi ko kaɗan, farin takardar shi ne haskensa. Duk gwanintar a nan ta ke: a fara daga haske a tafi duhu, kada a yi gaggawa, domin wanda ya ɗora jiƙaƙƙe a kan jiƙaƙƙe sai aikinsa ya caɓe.

Launin nan na ƙasa-ƙasa da ya ke ba mutane sha'awa daga wuta ya ke fitowa. Ƙwayar gahawa ɗanya koriya ce fatsi-fatsi, sai an soya ta ta ke yin duhu. Mutanen Makarfi da Kudan ba su bukatar dogon bayani a nan, gama sun san ruwan rake yadda ya ke sa'ad da ya fito daga injin matsa, sun kuma san yadda ya ke komawa ja, ya yi duhu a cikin kasko, har ya zama mazarƙwaila. Kusan abin da wuta ta ke yi wa ruwan rake shi ta ke yi wa ƙwayar gahawa.

Kada kuma samari su ɗauka cewa abin nan jiya a ka ƙago shi. Ita gahawa asalinta ƙasar Habasha, kuma tun cikin ƙarni na 15 Sufayen ƙasar Yaman su ke shanta don ta taimake su raya dare, sunanta ma daga Larabci mu ka are shi. Game da zane kuwa, akwai wani shahararren marubuci na Faransa, Victor Hugo, wanda a ka haifa a 1802 ya rasu a 1885. Ya yi shekara 19 yana gudun hijira, galibinsu a waɗansu tsibirai da ke tsakanin Faransa da Ingila, ya kuwa bar zane fiye da 3,000. A cikin kayan da ya ke zane da su har da ruwan gahawa da gawayi da kunkunniya. Tun kafin zamaninsa ma manyan masu zanen Turai, irin su Rembrandt na ƙasar Holan, suna aiki da wata tawada mai launin ƙasa wadda a ke yi da kunkunniyar itace. Ashe ko a ƙasar Turawa, gwani ba ya raina abin da ke kusa da murhunsa.

Amma fa gahawa tana da aibi, kuma wajibi ne a faɗa. Na farko, ba ta da abin da zai riƙe ta a jikin takarda, saboda haka ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata aikin kwana uku. Na biyu, inda a ka sa ta da kauri ta kan yi danƙo in damina ta faɗi iska ta yi laima, har takarda ta manne da 'yar'uwarta. Na uku, kyankyaso yana son ta. Na huɗu, in a ka rataye zanen inda rana ke dukansa, sannu a hankali sai ya koɗe. Don haka masu wannan sana'a su kan fesa masa wani magani mai ƙyalli, ko su sa shi a bayan gilashi, kuma duk waɗannan kuɗi ne. Ga shi kuma ba mu noma gahawa a ƙasar Zazzau. A Nijeriya sai wurare irin su tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ta gwangwani kuwa sai an saya.

To, a nan ne na ke so masu karatu su juyo su dubi zauren malamin allo. Shekaru aru aru ke nan malamanmu su ke haɗa tawada da abin da ke bayan gida da bakin gona, kuma sun warware matsalolin nan da na lissafa tun kafin a haifi kakanninmu. Sun raba tawada gida biyu, akwai ta allo, akwai ta takarda, kowace da aikinta.

Tawadar allo dole ta wanku, domin almajiri zai wanke ya sake rubutu in ya haddace, kuma dole ta zama wadda ba ta cutar ciki, tun da ya ke a kan sha rubutu. Saboda haka da gawayi a ke yinta, ko da baƙin gindin tukunya, a niƙa lilis, a tace, a haɗa da ƙaro, a zuba a kurtu. Tawadar takarda kuwa so a ke ta kama ta zauna har jikoki. Akwai wadda a ke dafawa da ɗanyen ganyen ɗinya da ƙaro. Akwai ta bagaruwa, wadda a ke daka 'ya'yanta a jiƙa ko a dafa, a tace, a sa kashin maƙera ko wani tsohon ƙarfe a ciki, ruwan ya rikiɗe ya yi baƙi wuluk. Dalili shi ne, a cikin bagaruwa akwai wani sinadari mai bauri, shi ne wanda majema ke nema wajen jima, in kuwa ya gamu da ƙarfe sai ya haifi baƙi mai shiga cikin jikin takarda. Wanda ya ke shakka ya dafa shayi mai ƙarfi, ya jefa ƙusa mai tsatsa a ciki, ya dawo gobe ya gani. Da irin wannan haɗi ne Turawa su ka yi rubutu fiye da shekara 1,000, sai dai su da ƙullutun da ke fitowa a jikin wani itacen ƙasarsu su ke yi, mu kuwa da bagaruwa. Sai dai in ƙarfe ya yi yawa tawadar ta kan cinye takarda bayan shekaru, shi ya sa awo ya ke da muhimmanci, kuma shi ya sa kowane gwani ya ke da nasa awon da ya gada.

Ba baƙi kaɗai su ka sani ba. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar nan ya ga baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ruwan ɗorawa, ga kuma ɗigon kore a wurarensa. Duk wanda ya halarci saukar karatu ya ga allon zayyana, yadda a ke ƙawata shi da zane iri iri, a jera launi kusa da launi ba tare da ɗaya ya shiga ɗaya ba. Dukawa kuma suna samun ja daga karan dafi, marina suna samun shuɗi daga baba. Kalmar nan rawaya ma da mu ke kiran launi da ita, sunan wani tsiro ne na daji wanda a ke rini da saiwarsa. Magina da mata masu daɓe kuwa sun san makuba: in an cire garin ɗorawa an cire kalwa, sai a jiƙa ɓawon, a sami ruwa mai launin ƙasa-ƙasa, a yayyafa a daɓe ko a shafe bango, ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Jama'a, ku dubi ruwan makuba ku dubi ruwan gahawa, ku gaya mini wanne ne baƙo a wurin ɗan'uwansa.

Shaidar ƙarkon wannan aiki tana nan a ajiye. A Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda a ka kafa a 1970, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da ɗakin ajiyar tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Abdullahi ƙanensa da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da na Nana Asma'u, waɗanda a ka kwafa da hannu, waɗansu sun haura shekara 150, har yau kuwa a na karanta su. Takardar da yawancinsu ke kai daga Italiya fatake su ka kawo ta, ta hanyar Tarabulus da Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku a jikinta in ka ɗaga ta wajen haske. Takarda ta baƙi ce, amma tawadar a nan gida a ka dafa ta. Har wata Ba'amurkiya mai aikin gyaran tsofaffin littattafai, Michaelle Biddle, ta zo ta zaga ƙasar nan tana duba littattafan tana tambayar malamai yadda su ke haɗa tawada, ta kuwa buga abin da ta samu a 2011, da Turanci. Ta kyauta ƙwarai. Amma ina tambaya, almajirai nawa ne a Hunkuyi ko Gimi ko Ikara za su karanta shi?

Akwai wani abu kuma da ya ke ba ni dariya da takaici gaba ɗaya. Ɗan akwatin fentin ruwan nan da a ke kawowa daga Ingila ko Sin, wanda mu ka riƙa sha'awa muna yara a makaranta, kun san abin da ke riƙe launinsa? Ƙaro ne. Ƙaron nan dai na jikin dakwara, wanda a ke tsinta a Sudan da Cadi da Barno da Yobe da Jigawa, a loda a jirgi a kai Turai, a dama shi da garin launi, a mayar mana da shi a cikin ɗan akwati mai kyau, mu saya da tsada. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Da mai zanen gahawa zai zauna da malamin allo yini ɗaya, da ya koyi cewa ɗan ƙaro kaɗan a cikin ƙoƙonsa zai sa launin ya zauna daidai a takarda.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Abu biyu ne ke damuna, kuma ina ganin maganin ɗaya yana wurin ɗayan.

Na farko, a makarantun firamare da yawa na ƙauyukanmu darasin zane yana nan a rubuce a jadawali, amma in lokacinsa ya yi sai a ce babu kayan aiki, yara su tafi shara ko su zauna suna surutu. Ba na zargin malamai, domin uban da ke fama da kuɗin taki ba za a ce ya sayi fenti ba. Amma hasarar babba ce. Yaron da ya koyi zane ya koyi duba abu da kyau, ya koyi awo, ya koyi haƙuri, hannunsa ya faɗa. Daga cikin irinsu ne a ke samun magini da tela da kafinta da mai zana taswira da injiniya. Ko ɗalibin Kwalejin Shehu Idris ta koyon aikin lafiya da ke Makarfi, ai sai ya zana zuciya da ƙashi a littafinsa kafin ya gane su sosai.

Na biyu, masu sanin haɗin tawada suna ƙarewa. Yau yawancin masu rubutu a takarda biro su ke saya, ko tawadar kwalba, ko garin rini na kanti, domin sun fi sauƙi. Dattijon da ya san lokacin da a ke tsinkar ganyen ɗinya, da yawan ƙaron da a ke sawa, da kwana nawa bagaruwa ke yi a jiƙe, in ya kwanta dama bai faɗa wa kowa ba, shi ke nan an rufe shi da littafinsa. Har wa yau itatuwan kansu suna tafiya, gama gatarin masu itace da masu gawayi ba ya tambayar ɗorawa ko ɗinya amfaninta kafin ya sare ta.

Mai yiwuwa wani ya ce, wannan akawu yana so ya mai da mu baya, duniya tana zane da kwamfuta shi yana kiran bagaruwa. Amsata tana nan kusa, a Zariya. A 1958 waɗansu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, su ka kafa ƙungiyar masu zane. Galibin malamansu Turawa ne, suna koya musu zane irin na Ingila. Su kuwa su ka ce za su karɓi abin da ke da amfani a ciki, amma sai sun gauraya shi da na gidajen iyayensu. Uche Okeke ya koma ya koyi zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango da ruwan 'ya'yan itace. Mutanen nan da a ka yi wa kallon masu taurin kai, su ne yau a ke kira iyayen zanen zamani a Nijeriya, a na kuma nuna aikinsu a manyan biranen duniya. Da tsohuwar zuma a ke magani. In ɗan Ibo ya ɗaukaka da ulin uwarsa, me zai hana ɗan Kudan ya ɗaukaka da zayyanar malaminsa?

Wani kuma zai ce, ai zanen abu mai rai akwai magana a kansa. Wannan fage ne na malamai, ni akawu ba ni da ta cewa a ciki. Abin da na sani shi ne, ko an bar mai rai gefe guda, abin zanawa bai ƙare ba. Ga zayyana, ga dagi, ga aska takwas ta gaban riga, ga rumbu da soro da ƙofar gari, ga gonar rake da kwandon tumatir, ga duwatsu da rafuffuka, ga taswirar gunduma. Mai zayyana bai taɓa zana fuskar kowa ba, amma wa ya isa ya ce shi ba gwani ba ne?

Saboda haka ga roƙona, kashi huɗu.

Ga malaman makaranta: kada ku jira akwati daga Kaduna. Ku sa yara su kawo gawayi da ƙaro da bagaruwa da ɓawon ɗorawa da karan dafi, wanda ya sami ragowar shayi ko gahawa ya kawo. Gashin kaza da alƙalamin kara da ɗan itacen da a ka tauna bakinsa sun isa buroshi. Ku kuma yi wannan gwaji tare da su: a ja layi da kowane launi a takarda ɗaya, a rufe rabinta da kwali, a ajiye a taga wata guda, sa'an nan a buɗe a gwada. Yara za su ga da idonsu wanda ya koɗe da wanda ya tsaya, za su kuma ga gawayi bai motsa ba ko kaɗan. Darasin zane ke nan da na kimiyya a lokaci guda, ba a kashe ko kwabo ba.

Ga malaman allo, Allah ya gafarta muku: in malamin boko ya zo da ladabi yana tambaya, ku buɗe masa, ku yarda ɗaya daga cikin manyan almajiranku ya je ya nuna wa yara yadda a ke dafa tawada da yadda a ke fiƙe alƙalami. Ilmin da a ka raba ba ya raguwa.

Ga 'yan'uwana akawuna: mu da alƙalami ya zama abincinmu, kowa ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu, ya zauna gabansa da littafi, ya rubuta haɗin tawada da Hausa dalla dalla, da sunan itace, da lokacin ɗiba, da awo, da yawan kwanaki. Ya shafa kaɗan daga tawadar a gefen shafin don ta zama shaida. In an tara, a aika wa Edita, ko a kai sashen koyar da zane na jami'a a Samaru.

Ga hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku: ku sa ido a kan ɗorawa da ɗinya da bagaruwa da su ka rage, kuma in a ka tashi rabon dashe a sa su a ciki. In da hali, a ranar rufe makaranta a ware ɗan tukwici ga yaron da ya fi kowa zane da launin da ya haɗa da hannunsa.

Samarin da ke sha'awar zanen gahawa kuwa, ban hana ku ba, ku gwada, abu ne mai kyau, kuma zai koya muku haske da inuwa fiye da fenti mai launi goma sha biyu. Amma in kun gama, ku taka zuwa zauren malam ku gai da shi, ku roƙe shi ya nuna muku abin da ke cikin kurtunsa.

Ina fatan waɗanda su ka fi ni sani, musamman alarammomi da dukawa da marina, za su rubuto su ƙara mana haske a wannan shafi. Allah ya ƙara wa jaridarmu farin jini, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu Mai Kurtu, Ikara.